Ana fara littafi da zafi, a feji na 20 sai a tsaya: yaya ake ɗorewa da rubutu?

Sabuwar marubuciya ta rubuta:

Assalamu alaikum manyanmu da sauran 'yan'uwa marubuta. Shawara nake nema a kan abin da ke damun da yawa daga cikinmu masu rubuta labari a waya muna sakewa a WhatsApp da Wattpad, manhajar karanta labarai. Ana fara littafi da zafi, kullum feji ɗaya (wato kashin labarin da ake saki a lokaci guda), wani lokacin har biyu, masu karatu na ta sambarka. Da an kai wajen feji na 20 ko 25 sai komai ya tsaya cak. Ranar da aka samu sarari babu abin rubutawa a ka, ranar da labarin ya zo kuma ga girki, ga yara, ga waya babu caji. 'Yan guruf su yi ta "Anti yau ba feji?" ki yi ta ba da haƙuri har kunya ta hana ki leƙa guruf ɗin.

Don Allah wane tsari ake bi? Kalma nawa ya kamata a rubuta a rana, da wane lokaci, kuma a ina ake ajiye rubutun? "Ki dage" kam mun sha jin ta. Yadda ake yi nake son ji, dalla-dalla.

Tsohuwar marubuciya ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba lalaci ba ne, kuma ba baiwarki ce ta ƙare ba. Abu biyu ne suka haɗu.

Na farko, abin da kika rubuta da safe shi kike saki da yamma. Kin zama kamar mai sayar da abinci da sai masu saye sun zauna a benci sannan take ɗora tukunya. Duk ranar da zazzaɓi ya kama yaro ko aka yi baƙi, ranar babu feji, kuma ke ce da ba da haƙuri. Na biyu, fejojin farko da ma suna cikin kanki tun kafin ki fara: yadda suka haɗu, gidan su yarinyar, rigimar farko. Abin da kika tanada ke nan, kuma yakan ƙare ne a daidai inda kika ce. Tsakiyar labari ba a taɓa zama an yi tunaninta ba, shi ya sa kike buɗe waya ki ga babu komai.

Ki fara da auna kanki. Ki ɗauki mako guda kina rubutu ba tare da kin saki ko layi ɗaya ba. Kowace rana ki duba adadin kalmomin da kika yi, manhajojin rubutu irin su WPS da Google Docs duk suna nunawa, ki rubuta a takarda. A ƙarshen mako kada ki kalli ranar da kika fi yawa, wannan ranar yaudara ce. Ki jera lambobin daga ƙarama zuwa babba ki ɗauki ta tsakiya. Ita ce ƙarfinki na gaskiya.

A ce 600 ta fito. Kwana shida a mako, kalma 3,600 ke nan. In fejinki kalma 1,500 ne, feji biyu kike iya yi a mako, da ɗan ragowa. Wadda ta yi wa guruf alkawarin feji kullum kuwa ta ɗaukar wa kanta kalma 10,500 a mako, kusan ninki uku na abin da take iyawa. Za ta iya na mako biyu ko uku da zumuɗin sabon littafi da hana ido barci, daga nan jiki ya ƙi. To ki yi alkawarin abin da lissafi ya ba ki, misali Litinin da Alhamis. Kuma kada ki raina 600 ɗin nan: littafi mai kalma 60,000 kwana 100 na rubutu ne, ƙasa da wata huɗu ko da kina hutun kwana ɗaya kowane mako.

Sai ajiya. Kada feji na 1 ya fita sai kina da goma kammalallu a ajiye. Da saki biyu a mako, goman nan mako biyar ne na rufin asiri. Kina sakin na 1 kina rubuta na 11. Idan ajiyar ta sauko zuwa huɗu, ki sanar da masu karatu tun da wuri cewa an koma feji ɗaya a mako har ki farfaɗo. Mutane suna jure jinkirin da aka faɗa musu. Shirun da ba bayani ne ke kawo habaici.

Kafin duk wannan, ki sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki ware wa labarin shi kaɗai. Shafin farko ki rubuta ƙarshen labarin a layi uku. In kin kasa, ba ki shirya fara saki ba tukuna. Shafukan da ke biye ki jera fitowa-fitowa, kowace a layi ɗaya: wa da wa, a ina, me ya canza. Misali, "Uwar miji ta zo ba sanarwa, ta tarar da takardar asibiti a kan madubi, ta fita ba ta ce komai ba." Layi 40 zuwa 60 irin wannan sun isa littafi matsakaici. Ba dole ki bi su sau da ƙafa ba, labari yakan karkata, amma duk safiyar da kika zauna akwai layin da ke jiran ki.

A bayan littafin kuma ki buɗe wa kowane mutum rabin shafi: suna, shekaru, garinsu, sunan uwa da uba, 'ya'ya nawa da jerinsu, abin da yake kiran matarsa da shi. Ki yi wa labarin kalanda. Masu karatunmu ba sa yafe irin wannan kuskuren: wadda aka saka jiya an ɗaura mata aure bayan mako uku ba maganar idda, ko mai takaba ta fita biki wata huɗu da kwana goma ba su cika ba, ko ciki ya shekara ana ta azumi da Sallah biyu bai fito ba. Neman irin waɗannan a tsofaffin fejoji na cinye rabin lokacin rubutu, kuma yana daga cikin abin da ke sa a gaji da littafi.

Ƙaramar dabara ta ƙarshe: kada ki tashi a inda fitowa ta ƙare. Ki tsaya a tsakiyarta, inda kin san abin da zai biyo baya, ki bar wa kanki layi ɗaya a ƙasa, "gobe: ya dawo ya ga akwatin babu." Farawa ce mai wuya, wannan layin yana ɗauke miki ita.

Mai tace rubutu ya amsa:

Hajiya ta gama magana a kan ajiya, ban da abin ƙarawa. Inda zan ɗan saɓa mata shi ne ƙidayar kalma.

Auna ƙarfi da kalma daidai ne, amma in ta zama farillar kullum tana da illa, kuma illar a bayyane take a littattafan da ake saki yanzu. Marubuciya na bin bashin kalma 400, labari bai motsa ba, sai ta cike da lissafin akwatunan lefe ɗaya bayan ɗaya, da kalar leshin da aka saka, da sunan mota, da gaisuwar da za ta ci rabin feji: ina kwana, lafiya lau, ya gida, ya yara, ya Hajiya. Kalma ta cika, mai karatu ya tsallake. Shawarata, bayan makon aunawa a koma ƙidayar fitowa: yau fitowa ɗaya zan gama, ko ta zo a kalma 350 ko 900. Gwajinta kuma guda ne, in aka cire ta labarin zai rasa wani abu? In ba zai rasa ba, ba fitowa ba ce, cikon feji ce.

Abu na biyu, a raba ranar rubutu da ranar gyara. Mai rubuta layi ya goge, ya sake ya goge, awa guda za ta wuce yana sakin layi na farko. Lokacin rubutu a wuce kawai. Sunan da aka manta ko abin da ke buƙatar tambaya, kamar yadda ake shigar da ƙara a kotun shari'a ko sunan wani magani, a sa alamar tambaya uku a wurin a ci gaba. Ranar gyara sai a nemo alamomin duka a cike.

Rana ɗaya a mako ta ishi gyaran feji biyu, amma kada a gyara abin da aka rubuta jiya. A bar shi ya kwana uku zuwa bakwai, ido ya manta shi. A bi shi sau uku, kowane da aikinsa. Bi na farko na labari ne: abin da ya faru ya yi ma'ana, ya dace da kalanda? Na biyu a karanta da murya, musamman zance. Duk inda harshe ya sarƙe, ko aka ji tsohuwar ƙauye na magana kamar 'yar jami'a, a gyara. Na uku na ƙa'idojin rubutu ne kaɗai: "ya ce" da "ta ce" a rabe, "yana" da "tana" a haɗe, "a kan" tebur daban da "akan" yi, sannan haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya rubuta "kafa" yana nufin "ƙafa", ko "fada" yana nufin "faɗa", ya bar wa mai karatu aikin da shi ya kamata ya yi. Gboard, allon taifin waya na Google, na da Hausa a jerin harsunansa, a shiga saiti a ƙara ta, ɓ da ɗ da ƙ za su samu. 'Yan'uwanmu na Nijar suna rubuta ƴ inda mu a Nijeriya muke rubuta 'y, kowanne aka ɗauka a tsaya a kansa har ƙarshen littafi.

Ga wadda ba ta taɓa kai labari ƙarshe ba kuwa, ina ganin dogon littafi ba wurin koyo ba ne. A gwada gajeren labari tukuna. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, takan nemi labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500. Ko ba za a shiga ba, a ɗauki wannan ma'aunin a rubuta guda huɗu, ɗaya a mako, kowanne da farko da tsakiya da ƙarshe. Hannu ya saba da rufe labari, don shi ne abin da yawancin masu tsayawa a feji na 20 ba su taɓa yi ba.

A riƙa karatu kuma, ko shafi goma a rana, na littafin da ya bi ta hannun edita aka buga shi. Wanda abincinsa kullum rubutun guruf ne, kurakuran guruf zai kwasa.

Mai gyaran waya ya amsa:

Ni ba marubuci ba ne, amma wayoyin marubuta na zuwa teburin masu gyara, kuma kukan iri ɗaya ne: allo ya mutu ko an ƙwace waya, littafi na ciki. Bari in faɗi ɓangarena.

Kada a yi taifin kai tsaye a cikin WhatsApp, ko a guruf ɗin da mutum ya buɗe shi kaɗai don ajiya. Kira ya shigo, waya ta ɗauke, ko yaro ya taɓa, rubutun awa biyu ya tafi. Haka manhajar rubutu da ta zo da wayar: da yawansu a cikin wayar kawai suke ajiyewa, in aka yi mata filashin shike nan. A yi amfani da Google Docs, yana aiki ko ba data, da an kunna data kuma ya tura abin da aka rubuta can ma'ajiyar Google. Mai son WPS ya ci gaba da shi, amma duk daren da aka gama feji a tura wa kai fayil ɗin ta imel. Rubutu ba ya cin data, feji guda bai kai nauyin hoto ɗaya da ake turawa a guruf ba, kuma kowane asusun Google na da 15GB kyauta.

Kowane feji fayil ɗinsa daban, da lamba mai sifili a gaba: 01, 02, har 10, don su jeru daidai. Littafi guda a fayil ɗaya yana sa ƙaramar waya nauyi, kuma kuskure ɗaya na "zaɓi duka" ya isa ya share komai.

Abin da aka fi mantawa: kalmar sirrin Gmail. Da yawa a shago aka buɗe musu, ba su san ta ba. Rubutun na nan a ajiye, amma mai shi ba ta da mabuɗi. A canza ta yau, a rubuta a takarda a ajiye inda ake ajiye takardun makaranta, a kuma sa lambar wani na gida a matsayin ta dawo da asusu, ba layin da ke cikin wayar kaɗai ba, don in an ƙwace wayar da layin ake tafiya.

Maganar caji, fawa-bank mai 10,000mAh ba ya cika waya mai batir 5,000 sau biyu kamar yadda ake zato. Wani kaso na tafiya a zafi da canjin wuta, sau ɗaya da ɗan ƙari za a samu. Abin da ya fi shi amfani kyauta ne: lokacin rubutu a sa waya a yanayin jirgin sama, a rage hasken allo. Batir zai daɗe, saƙonnin guruf kuma ba za su riƙa faɗowa a saman allo ba. Da zafin bazara kada a yi rubutu waya na jone da caji a kan katifa, haka batir ke kumbura.

Wadda babban yatsanta ko wuyan hannunta ya fara zafi ta nemi allon taifin na kwamfuta, ko mai Bluetooth ko na USB da 'yar igiyar OTG mai haɗa shi da waya, ta jingina wayar a tebur daidai ido. Matsalarsa ɗaya, babu haruffa masu lanƙwasa. Sai a rubuta k' da d' da b', ranar gyara a shiga wurin nema da musanyawa a mayar da su ƙ, ɗ, ɓ gaba ɗaya. A kunna zaɓin bambanta manya da ƙananan haruffa in manhajar na da shi, a yi manyan daban, in ba haka ba farkon jimloli za su lalace. Kowane minti 25 zuwa 30 a miƙe, a juya wuya, a kalli nesa. Rubutu a kwance cikin duhu da waya a saman fuska kuwa, ido da wuya ne za su biya.

Sabuwar marubuciya ta sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri, na kwafe duka. Saura biyu. Anti ba ki faɗi lokaci ba, mai aure da yara wane lokaci ya fi? Sannan littafin da ya riga ya tsaya a tsakiya, mutane na jira, a bar shi a fara sabo da wannan tsarin ko yaya?

Tsohuwar marubuciya ta amsa:

Lokaci ba agogo za ki ɗaura shi a kai ba, agogon gidan mai yara ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ki ɗaura shi a bayan abin da ba ya fashi. Bayan sallar asuba da azkar, minti 30 zuwa 40 kafin a fara shirin makaranta, shi ya fi ga yawancin mutane: gida shiru, waya ta kwana a caji in an samu wuta, kai bai cika da hayaniya ba. Sharaɗinsa a kwanta da wuri, kuma kada a buɗe data kafin a rubuta. Wadda ta ce bari in ɗan leƙa sharhin jiya, lokacinta ya tafi. In asuba ba ta yiwuwa, sai bayan fitar yara kafin a ɗora na rana. Bayan isha'i ana samun tsawon lokaci, amma shi ya fi saurin cinyewa: maigida na gida, gajiya ta taru, kuma in labari ya yi daɗi sai ɗayan dare, gobe a tashi a karye. Mai rubutun dare ta sa wa kanta lokacin tashi, ba na zama kaɗai ba. Tsakanin la'asar da magariba kam kada ma ki sa rai.

Ki faɗa wa mutanen gidan lokacin nan naki ne, da baki, ba su gane da kansu ba. Abin da ya zo miki kina tsakar aiki kuma ki ɗauke shi da murya a waya, daƙiƙa 20 ta isa, da safe ki saurara.

Ranar da ta ƙwace, ki rubuta ko layi biyar ne don kada zaren ya tsinke. In ba ta samu ba sam, ta wuce, ba a ramawa. Masu cewa gobe zan yi ninki biyu su ne jibi ba sa buɗe fayil ɗin. Ki sa hutu cikin lissafi tun farko: kwana ɗaya a mako, da mako biyu tsakanin littafi da littafi. Azumi ma haka. Da yawan marubuta na ajiye saki a Ramadan, masu karatu sun saba, to ki duba kalanda kafin ki fara, tunda kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11. Ko ki gama kafin a ga wata, ko ki tsara inda za ki dakata ya zama gaɓa mai kyau.

Littafin da ya tsaya kada ki bar shi. Sabon labari kullum ya fi daɗi a ka, kuma shi ma zai kai nasa feji na 20. Ki yi sanarwa ɗaya gajeriya: an dakata, za a dawo ranar kaza, ki ba kanki mako shida. Ki rufe guruf ɗin yadda ke kaɗai ke iya turawa. Makon farko ba rubutu, ki karanta duk abin da kika saki da biro a hannu, kina cike littafin nan na mutane da kalanda, kina rubuta duk wani ƙulli da kika ɗaura ba ki kwance ba. Mako na biyu ki yanke ƙarshen, ki jera fitowar da ta rage. Sauran huɗun ki tara ajiya, za ki samu kamar feji takwas zuwa tara a lissafinmu na ɗazu. Sannan ki dawo da saki biyu a mako.

In littafin na kuɗi ne kuma kin riga kin karɓa, wannan bashi ne a wuyanki, shi za ki fara saukewa kafin komai. Nan gaba kada ki karɓi kuɗin kowa sai rubutun farko ya kai ƙarshe, ko da gyara bai kammala ba.

Mai tace rubutu ya ƙara da cewa:

Ƙari ɗaya a kan makon karatun nan, Malama. Sau da yawa za ki tarar inda labarin ya mutu ba fejin ƙarshe ba ne, feji uku ko huɗu ne a baya, inda aka warware babbar matsalar da wuri: asiri ya tonu, an yafe wa juna, ko kishiyar ta fita, saboda masu sharhi sun matsa a yi hakan. Tunda an riga an saki ba za a goge ba. Ki duba jerin ƙullin da ba ki kwance ba, ki ɗauki wanda warwarewar nan ta fi shafa, wa ya yi asara da aka shirya, wa bai sani ba tukuna. Daga kansa za ki ɗora fitowar gaba. In kin duba babu ko ɗaya da ya rage, to labarin ya ƙare ne ba ki lura ba, feji biyu ko uku na rufewa kawai yake buƙata.